Zumuncin ɗalibai mata: Abin da Wudil za ta duba a tarihin FOMWAN da wata ƙungiya a Amurka

Duk wanda ya taɓa bi ta Wudil ranar Juma'a ya san sai ya yi haƙuri kafin ya tsallake gada. Manyan motoci maƙare da shanu suna fitowa daga kara za su nufi Kudu, masu kifi sun baje a bakin titi, masu babur da Adaidaita Sahu kuma suna kutsawa duk inda suka ga 'yar kafa. Idan aka yi dace lokacin komawa makaranta ne, a cikin wannan cunkoso ba a rasa ganin budurwa riƙe da akwati da bokiti da ƙullin garin kwaki, tana tambayar ta ina ake shiga jami'a.

Jami'ar da take nema ita ce Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, a zangon farko na mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso, a harabar tsohuwar Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. A 2022 aka sauya mata suna, amma har gobe a tasha KUST ake ce mata. Abin da ake karantawa a nan, injiniya da noma da lissafi da kwamfuta, fannoni ne da aka daɗe ana yi wa kallon na maza. Ba abin mamaki ba ne a ce yarinyar da ta samu gurbi ita ce mace ta farko a gidansu da ta kai wannan mataki.

Makon farko ne mai wuya. Ga rajista a intanet, ga layin tantance takardu, ga neman gado a ɗakin kwanan ɗalibai, idan ba a dace ba a shiga gari neman haya. A irin wannan ruɗani, a kowace jami'a ta Arewa, wadda ke tsamo sabuwar ɗaliba yawanci wata ɗaliba ce da ta riga ta da shekara ɗaya ko biyu: 'yar garinsu, ko wadda suka yi sakandare ɗaya, ko wata daga 'yan uwa mata na MSS da ta gan ta tsaye a bakin masallaci ba ta san inda za ta dosa ba. Ita za ta raka ta ofis, ta ba ta aron takardun lacca, wani lokaci har ta raba katifa da ita.

Taimakon yana da yawa, sai dai ba ya daɗewa. Shugabancin ƙungiyar ɗalibai na shekara ɗaya ne. Amira ta gama, ta tafi bautar ƙasa, ta yi aure a Gombe ko Abuja. Littafin da ake rubuta sunaye da kuɗi ya ɓace tsakanin hannu da hannu. Zauren WhatsApp ya koma wurin tura katin biki da tallar atamfa. Sabbin da suka zo sai su sake farawa daga tushe, kamar ba a taɓa yi ba.

Akwai ƙungiyoyi biyu da suka taso daga irin wannan zumunci na ɗalibai mata, kuma ranar yaye ɗalibai ba ta kashe su ba. Ɗaya a Kano aka yanke shawarar kafa ta, tafiyar kimanin awa ɗaya daga Wudil. Ɗayar kuma a jihar New Jersey ta Amurka, a hannun 'yan mata 17 daga iyalai masu jin Sifaniyanci.

Taron Kano na 1985

An kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wato MSS, a Legas a watan Afrilun 1954, kuma marigayi Lateef Adegbite ne shugabanta na farko. A hankali ta hauro Arewa, ta yi ƙarfi sosai a Zariya da Kano a shekarun 1970. Tsarinta ya ware wa mata ɓangarensu, da Amirarsu da da'irar karatunsu. A nan ne 'yan mata da yawa suka fara koyon tsayawa gaban taro, da rubuta rahoton zama, da riƙe kuɗin jama'a.

Amma MSS ta ɗalibi ce. Namiji idan ya gama makaranta yana da masallacin unguwa, yana da majalisa, yana da jam'iyya. Mace idan ta gama, musamman a wancan zamani, gidan miji ne ke karɓar ta, kuma ƙawayen da suka yi shekara uku ko huɗu tare sai a wajen suna ko ta'aziyya. Wasu daga cikin matan da suka ƙi yarda da wannan yankewa ne suka haɗu a ƙungiyar 'yan uwa mata Musulmi da aka fi sani da MSO, wadda ginshiƙanta tsofaffin ɗaliban manyan makarantu ne.

A 1985 MSO ta kira babban taro a Kano. Shekarar ba ta kowa ba ce a harkar mata. A watan Yuli Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taronta na Nairobi, wanda ya rufe shekaru goma da ta keɓe domin mata. A gida kuma akwai Majalisar Ƙungiyoyin Mata ta Ƙasa, NCWS, wadda gwamnati ke saurara, ga kuma ƙungiyar WIN da ta taso daga Jami'ar Ahmadu Bello da ra'ayin kawo sauyi. Mata Musulmi masu ilimin boko sun ga ana magana da yawunsu a kan aure da gado da shari'a a wuraren da muryarsu ba ta fita. A ɗaya gefen kuma, malamai maza ne ke fassara musu haƙƙoƙinsu. A taron na Kano aka kawo shawarar a samar da inuwa guda da za ta tattara ƙungiyoyin mata Musulmi na Kudu da Arewa, kuma a watan Oktoban shekarar aka ƙaddamar da Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Najeriya, FOMWAN, a Minna.

Wadda aka zaɓa Amirar farko ita ce Hajiya Aisha Lemu. An haife ta a garin Poole na Ingila a 1940, ta karanta harshen Sin da tarihinta a makarantar SOAS ta Landan, kuma tana ɗaliba ta musulunta a 1961. A 1966 ta zo Kano koyarwa a Makarantar Nazarin Larabci, SAS, daga baya ta riƙe Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnati a Sakkwato. Ta auri Sheikh Ahmed Lemu a 1968, kuma tare suka kasance cikin waɗanda suka kafa cibiyar IET da ke Minna. Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a shekarun 1990 da wuya a ce bai riƙe littafinta na darasin addinin Musulunci ba.

Bayanta shugabanci ya tafi Legas, hannun Alhaja Lateefa Okunnu, wadda ta yi mataimakiyar gwamnan jihar a farkon shekarun 1990. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar da aka yi shawararta a Kano, aka haife ta a Minna, ta miƙa ragama ga Bayarabiya tun tana ƙarama, ta nuna da gaske take cewa ta ƙasa ce. Daga baya Farfesa Sa'adiya Omar ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta riƙe ta, haka ma Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar Kano, wadda ta karanta kimiyyar siyasa a Zariya, ta yi editar Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna.

Hajiya Bilkisu ta rasu a turmutsitsin Mina ranar 24 ga Satumban 2015. Hajiya Aisha Lemu ta rasu a Minna ranar 5 ga Janairun 2019. Ƙungiyar tana nan, da rassa a jihohi 36 da Abuja, kuma mata a Ghana da Saliyo da Laberiya sun kafa irinta. Abin da ya riƙe ta ba wani sirri ba ne: tsarin mulki a rubuce, shugabanci na wa'adi, taron shekara-shekara da ke zagaya jihohi, da mujallarta The Muslim Woman da ta adana abin da aka tattauna. Abubuwa ne masu gundura, irin waɗanda ɗalibi ke ganin ɓata lokaci ne.

Aikin da ke riƙe ƙungiya

Taro kaɗai ba ya riƙe mutane shekara 40. Rassan FOMWAN sun buɗe makarantun raino da firamare da sakandare, da azuzuwan yaƙi da jahilci na matan aure, da gidajen marayu, da asibitoci da ɗakunan shan magani. Matar da ta shiga tana da abin yi ranar Asabar, kuma tana iya nuna wa mijinta ginin da kuɗinta ya shiga ciki.

Inda aka fi ganin amfanin irin wannan shiga gida-gida shi ne rikicin allurar shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin an gurɓata maganin, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa wasu ƙasashe. Ko bayan gwamnati ta janye dakatarwar, shakku bai fita daga zukata ba. Jami'in lafiya namiji iyakarsa soro. Wadda za ta shiga har tsakar gida, ta zauna a tabarma, ta yi magana da uwa da harshen da take ji da kuma hujjar addini, mace ce mai hijabi da aka sani a unguwa. Hukumomin lafiya na gida da na waje sun gane haka, suka yi aiki da FOMWAN da sauran ƙungiyoyin mata wajen wayar da kai. Aikin ba wasa ba ne: a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Sai a ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

A zaɓen 2011 ma FOMWAN na cikin ƙungiyoyi huɗu da suka haɗu suka tura masu sa ido rumfunan zaɓe a wani shiri mai suna Swift Count, tare da Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa, da TMG, da hukumar adalci da zaman lafiya ta cocin Katolika.

Ba a rasa abin faɗa a kanta. An daɗe ana cewa ƙungiyar manyan mata ce, 'yan boko mazauna birni, masu yin taro da Turanci. Akwai kuma haɗarin da ke bin duk ƙungiyar da ta saba da kuɗin masu ba da tallafi daga waje: a hankali sai ta koma yin aikin da aka ba ta kwangila maimakon wanda ta ga ya dace. Babban abin dubawa ga mai kallo daga Wudil shi ne tazarar shekaru. Ƙungiyar da ɗalibai suka haifa, yau ɗalibar aji biyu tana yi mata kallon ta iyayenta, wurin da za ta je ta gaishe da Hajiya ta koma gefe.

Kafin boko

Masu kafa FOMWAN ba su ɗauka daga sama suka faɗo ba. Sun sha danganta aikinsu da Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. A shekarun 1830 ta tsara abin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta Jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle a matsayin alama. Jaji ce ke jagorantar ayarin 'yan mata da tsofaffi zuwa wurin Nana, su koyi karatu ta hanyar waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da matan auren da ba sa fita. Ayarin kan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da tufafi, a raba wa mabuƙata. Da Nana ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba, kuma Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe a Sakkwato tana bincike, ta tarar da tsarin yana raye a ƙarni na 20.

Akwai alama, akwai matsayi, akwai karatu, akwai hidima, akwai magajiya. Ko a wajen harkar addini, mace Bahaushiya ba baƙuwar zumunci mai ƙa'ida ba ce. A littafin Baba of Karo da Mary Smith ta fitar a 1954, wata dattijuwa ta bayyana yadda ake ƙulla ƙawance da yadda babba ke ɗaukar ƙanwar rana. Biki da ake yi wa juna a aure da suna bashi ne da ba a rubutawa amma ba a mantawa. Duk wadda ta yi makarantar kwana ta san uwar ɗaki da 'yar ɗaki.

'Yan mata 17 a New Jersey

A manyan makarantun Amurka akwai tsohuwar al'ada ta ƙungiyoyin zumunci da ke ɗaukar suna daga haruffan Girka. Ta farko, Phi Beta Kappa, tun 1776 aka kafa ta. Na mata ana kiran su sorority, daga kalmar Latin mai nufin 'yar uwa. Shekaru da dama waɗannan ƙungiyoyi na fararen fata ne masu hali, kuma wasu sun rubuta wariyar a tsarin mulkinsu. Saboda haka baƙaƙen fata suka kafa nasu. Alpha Kappa Alpha ta fara a Jami'ar Howard a 1908, kuma ita ce Kamala Harris ta shiga tana ɗaliba.

A shekarun 1970 wani sabon rukuni ya fara shiga manyan makarantu da yawa: 'ya'yan iyalan da suka fito daga Puerto Rico da Kiyuba da Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Matansu ake kira Latina. Da yawansu iyayensu ma'aikatan masana'antu ne, a gida Sifaniyanci ake ji, kuma babu wanda ya taɓa cike fom ɗin jami'a a dangi. Kamar a Kano, al'ada tana sa ran 'ya mace ta zauna kusa da gida, ta taya uwa aiki, ta kula da ƙanne.

A watan Disambar 1975, a Kwalejin Kean da ke garin Union, ɗalibai mata 17 suka kafa Lambda Theta Alpha, wadda ake ɗauka a matsayin ƙungiyar zumunci ta farko ta matan Latina a Amurka. Sun zaɓi launin ja mai duhu da ruwan toka, suka gina tafiyar a kan haɗin kai da ƙauna da girmamawa. A 1979 suka yi mata rajista a hukumance a matsayin ƙungiya mai sa karatu gaba. Ba su rufe ƙofa ga wadda ba Latina ba. Yau tana da rassa a manyan makarantu sama da 100.

Wasu suka biyo baya. Lambda Theta Nu a Chico ta jihar California a 1986, Kappa Delta Chi a Jami'ar Texas Tech a 1987, Sigma Lambda Gamma a Jami'ar Iowa a 1990 a hannun mata biyar. A 1998 da dama daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, na maza da na mata, suka shiga inuwa guda mai suna NALFO.

Yadda suke aiki ya fi tarihinsu amfani ga mai karatu a nan. Ɗaliba ba ta shiga sai makinta ya kai wani mataki, kuma idan ya faɗi za a dakatar da ita daga harkoki har ta gyara. Tana biyan kuɗin ƙungiya kowane zango. Ana haɗa ta da wata babba da za ta zama yayarta. Akwai aikin taimakon al'umma da dole reshe ya yi ya kuma kai rahoto. Sannan abin da ya fi komai, shiga ta har abada ce. Wadda ta gama karatu tana komawa reshen tsofaffin ɗalibai na garin da take zaune, ta ci gaba da biyan kuɗi, kuma daga cikin waɗannan ne ake samun shugabannin ƙasa da masu sa ido a kan rassan makarantu. Yarinya 'yar shekara 19 tana da lambar wayar lauya ko likita ko injiniya da ta taɓa zama a kujerar da take kai.

Kowace kuma ta kama aiki guda ta riƙe. Tun 2010 Lambda Theta Alpha ta ɗauki Asibitin Yara na St. Jude da ke Memphis a matsayin wurin da take tara wa kuɗi. Asibiti ne da ɗan wasan barkwanci Danny Thomas, wanda iyayensa 'yan Labanan ne, ya kafa a 1962, yana kula da yara masu ciwon daji, kuma iyaye ba sa biyan ko sisi. Kappa Delta Chi tana aiki da ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka, Sigma Lambda Gamma kuma ta riƙe wayar da kai a kan sankarar mama. Hikimar a fili take. Shugabanni suna sauyawa duk shekara, amma sabuwar da ta hau ba sai ta zauna tunanin me za a yi ba. Ta tarar da shi.

Tsarin yana da nasa tabo. Kuɗin shiga yana hana 'yar talaka, wadda don ita aka ce an kafa. Sannan akwai muguwar al'adar wahalar da sabbin shiga, wadda ta yi sanadin mutuwar ɗalibai a wasu ƙungiyoyin, mafi yawa na maza, har ta kai a watan Disambar 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka.

Dalilin da uba zai ɗaure fuska

Idan ɗaliba ta koma gida hutu ta ce wa mahaifinta ta shiga wata ƙungiyar 'yan mata mai launi da alama da rantsuwa, ba za ta ƙarasa bayani ba. Yana da hujja. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙi da ƙabilanci da kwaikwayon Turawa. Daga shekarun 1970 abin ya rarrabu, aka samu ƙungiyoyin asiri masu makami, har da na mata irin su Black Bra da Daughters of Jezebel. Ranar 10 ga Yulin 1999 aka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife cikin dare aka kashe ɗalibai biyar. Shi ya sa a jami'o'in ƙasar nan sabon ɗalibi ke rantsuwar nesanta kansa da ƙungiyar asiri tun ranar da aka karɓe shi.

Don haka haruffan Girka da sirrin shiga ba kayan da za a ɗauko a kawo bakin Kogin Wudil ba ne. Bambancin ƙungiyar zumunci da ta asiri ba ya buƙatar dogon nazari: an yi mata rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, akwai malamar da ke duba ta, ana taro da rana a ajin da kowa zai iya leƙawa, kuɗi yana banki da sa hannun mutum fiye da ɗaya. FOMWAN ta wuce wannan jarrabawa tun ranar farko, shi ya sa mazan da suka fara yi mata kallon hadarin kaji suka bar matansu suna zuwa.

Abin da ke jira a Utai da Indabo

Aikin da ke jiran matan jami'a a Wudil ba ya buƙatar jirgi. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Gwamnatin Kano ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Amma doka ba ta zaunar da yarinya gaban kwamfuta.

Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Yarinyar da ta gama sakandare a Utai ko Indabo ko Lajawa ko Darki, tana iya sanin amsa ta faɗi, don ranar jarrabawa ce karon farko da ta ɗora hannu a kan na'urar. A 'yan kilomita kaɗan daga gidansu kuma akwai mata da ke karanta kimiyyar kwamfuta. Asabar huɗu kafin jarrabawa, da kwamfutocin cinya guda goma na aro, sun isa su cire mata wannan tsoro. Haka lamarin bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024: a intanet ake nema, kuma wadda ba ta da mai nuna mata sai ta haƙura. Ga Kwalejin Kimiyya ta 'Yan Mata a Garko, maƙwabciyar Wudil, cike da 'yan matan da ke buƙatar su ga mace injiniya da idonsu, ba a littafi ba. Mata injiniyoyin ƙasar nan ma suna da ƙungiyarsu, APWEN, tun farkon shekarun 1980.

Ɗalibai za su iya wannan na shekara ɗaya, kuma babu shakka wasu suna yi ba tare da kowa ya ji ba. Shekara ta biyar da ta goma ne ke buƙatar waɗanda suka gama. Lissafin ba mai wuya ba ne. A ce tsofaffin ɗalibai mata 200 su riƙa zuba Naira 1,000 duk wata, kuɗin da bai kai na anko ɗaya ba a shekara, an tara Naira miliyan 2.4. Matan da ke riƙe adashin dubban ɗaruruwa ba tare da kwabo ya yi ciwon kai ba, ba riƙe wannan ne zai gagare su ba. Abin da ya fi wuya shi ne a samu wadda za ta riƙe littafin sunaye, ta bi wadda ta yi aure a Dutse da wadda aka tura aiki Fatakwal, ta kuma yarda ta sauka idan wa'adinta ya cika.

A 2025 FOMWAN ta cika shekara 40, Lambda Theta Alpha kuma ta cika 50. 'Yan matan Kean sun yi shekara huɗu kafin su samu takardar rajista. Matan da suka taru a Kano watanni kaɗan suka ɗauka kafin su isa Minna, domin sun riga sun bar makaranta, suna da albashi da mota da sanayya. Matan da suka shiga ajin farko a Wudil a 2001 yanzu mafi yawansu sun haura shekara 40, kusan shekarun Aisha Lemu lokacin da aka zaɓe ta Amira.